Shirun Mai Gadi

Babu akawun ofis ko malamin makaranta da bai san mai gadi ba. Idan an tashi aiki an kulle ƙofofi, shi a ke bar wa akwatin kuɗi, da sito, da takardun jarrabawa. Gari ya waye, ba wanda ya ji ihu ko busar usur cikin dare, sai kowa ya ce an kwana lafiya. Amma mai hankali ya san shirun nan fuska biyu gare shi. Mai yiwuwa ne ɓarawo bai zo ba, mai yiwuwa ne kuma ya zo ya tarar mai gadi yana sharar barci, ko ma ya tarar ba ya nan. Wanda ke cikin ɗaki ba shi da hanyar rarrabe ɗaya da ɗaya, sai ya fita ya duba. Maganar da za mu yi yau ke nan, sai dai mai gadin namu yana cikin na'ura ne.

A yau takardun albashi da na fansho, da rajistar ɗalibai, da lissafin banki, yawancinsu sun bar kan kanta sun koma cikin kwamfuta. Ko jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, tun shekarar 2015 da kwamfuta a ke yin ta. Amma kwamfutar da ke kan teburin akawu taga ce kawai. Ainihin kayan suna cikin wata babbar na'ura da a ke kira uwar garke, wadda ke can cikin wani ɗaki mai sanyi, wani lokaci ma a wani gari ko wata ƙasa, ba ta barci dare da rana. Duk wanda ya danna maɓalli yana neman sunansa cikin jerin albashi, ita ya ke tambaya, ita ke ba shi amsa. In ta yi ciwo, ofis duka ya kwanta, ko da kowane ma'aikaci yana zaune bisa kujerarsa.

Cikin uwar garken nan akwai waɗansu ƙananan manhajoji masu yawa waɗanda ba su da fuska a allo, ba kuma mai ganinsu. Mu kira su hadiman bayan fage. Suna tashi tare da na'urar, su yi ta aiki ba tare da an umurce su ba. Wani aikinsa karɓar masu shigowa ta intanet, wani kula da rumbun bayanai, wani kai wasiƙu, wani daidaita agogo, wani kuma rubuta duk abin da ya auku cikin littafin rajista. A na'urori masu aiki da Linux akwai wani daɗaɗɗe mai suna cron, wanda aikinsa ta da sauran ayyuka a kan kari, misali ya sa a ɗauki kwafin ajiya kullum da tsakar dare. Amfaninsu shi ne ba su damun kowa. Haɗarinsu ma shi ke nan, domin wanda ba ya surutu yana raye, ba zai yi surutu ba ran da ya mutu. Domin a gane girman wannan haɗari, bari mu kawo labarin abin da ya faru a Amurka.

Ran 14 ga Agusta, 2003, ana zafi a Jihar Ohayo, mutane sun kunna na'urorin sanyaya ɗaki, wayoyin lantarki sun ɗauki kaya mai nauyi. A kusa da birnin Akron akwai ɗakin da ma'aikatan kamfanin FirstEnergy ke zama suna lura da wayoyinsu. Dogaronsu yana kan wata manhaja mai buga ƙararrawa duk sa'ad da wata waya ta yanke ko wani abu ya kauce. Da ƙarfe 2 da minti 14 na rana manhajar nan ta daskare. Daga baya aka gano dalili: ayyuka biyu cikinta sun yi karo wajen rubutu a wuri guda a lokaci guda, kamar akawu biyu su kama alƙalami su hau layi ɗaya. Ba ta faɗi ba balle a gani, ba ta kuma ce uffan ba. Ma'aikata na zaune, ba ƙara, ba jar alama, suka ɗauka lafiya lau.

Saƙonnin da ya kamata ta sarrafa suka yi ta taruwa, har da ƙarfe 2 da minti 41 uwar garken da ke ɗauke da ita ta faɗi. Aiki ya koma kan ta biyu da aka tanada domin irin wannan rana, amma ya koma ne tare da cutar, saboda haka da ƙarfe 2 da minti 54 ita ma ta faɗi. Masu gyaran kwamfuta sun sami labarin faɗuwar, suka ta da na'urar da ƙarfe 3 da minti 8. Suka duba jerin hadiman, suka ga kowane yana nan a tsaye, suka ce aiki ya yi kyau. Ba su tambayi masu zama ɗakin lura ko ƙararrawa ta dawo ba, su kuma masu zama ɗakin ba su san ta taɓa tafiya ba. Ashe tana nan a daskare. Sunanta na cikin jeri, aikinta babu.

Ana cikin haka, manyan wayoyi masu ɗaukar bolt 345,000 suka yi zafi suka saki, suka fara taɓa itatuwan da ba a sare ba. Ta farko ta yanke da ƙarfe 3 da minti 5, ta biyu da ƙarfe 3 da minti 32, ta uku da ƙarfe 3 da minti 41. Kowace ta yanke, nauyinta ya koma kan sauran. Maƙwabtan kamfanoni da tashoshin wuta suka yi ta buga waya suna cewa suna ganin abin da ba daidai ba, amma ma'aikatan ɗakin sun daɗe ba su gaskata ba, tun da na'urarsu ba ta faɗa musu kome ba. Sai wajen ƙarfe 3 da minti 42 wani daga cikinsu ya gaya wa masu gyara cewa ƙararrawa ba ta aiki, watau bayan kusan sa'a ɗaya da rabi da mutuwarta.

Abin mamaki, hukumar da ke sa ido a kan wayoyin yankin baki ɗaya, mai suna MISO, ita ma idonta a rufe ya ke a ran nan. Tana da manhaja mai auna halin wayoyi kowane minti 5 da kanta. Da tsakar rana ta ba da lissafin da bai daidaita ba, wani ma'aikaci ya tsai da ita ya gyara, sa'an nan ya manta bai maido ta kan aikin kai da kai ba, ya tafi cin abinci. Ba a farga ba sai wajen ƙarfe 2 da minti 40, ba ta kuma daidaita sosai ba sai bayan ƙarfe 4. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 da minti 5 wata babbar waya ta yanke, daga nan abin ya zama gobarar daji. Cikin 'yan mintoci wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a jihohi 8 na Amurka da lardin Ontariyo na Kanada, har da biranen Nuyok da Toranto. Tashoshin wuta 265 suka tsaya. Waɗansu wurare sun kwana huɗu cikin duhu, hasarar da Amurka ta yi kuwa an kimanta ta tsakanin dala biliyan 4 da biliyan 10.

Ba mu ce ƙararrawa kaɗai ta jawo wannan ba. Kwamitin bincike na ƙasashen biyu, wanda ya fid da rahotonsa a watan Afrilu na 2004, ya ambaci rashin sare itatuwa da waɗansu kurakurai. Amma ya nuna cewa da an rage wa yankin Akron da kewaye nauyin megawat 1,500 a kan kari, da wutar ba ta bazu haka ba. Masu ikon yin haka suna nan zaune, maɓallan na gabansu, abin da suka rasa labari ne kawai. Bayan wannan ne Amurka ta yi doka a 2005 wadda ta sa bin ƙa'idodin tsaron wayoyin lantarki ya zama tilas, bayan a da ganin dama ne.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne, na'urorin yanzu sun wuce haka. Ran 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab, cikin gajiyar dare, ya goge rumbun bayanai na ainihi yana tsammani na biyu ne. Kafin ya farga wajen gigabait 300 sun tafi. Aka ce ba kome, ai kullum a kan ɗauki kwafin ajiya. Da aka je ɗauko kwafin sai aka tarar wayam. Hadimin da ke wannan aiki ya daɗe yana kasawa saboda manhajarsa ba ta yi daidai da ta rumbun ba. Yana kuwa aika wasiƙar kuka, amma wasiƙun ba su isa ba, na'urar karɓar wasiƙu tana korarsu. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka domin wata bukata dabam sa'a 6 kafin haɗarin, aikin sa'o'in nan 6 kuwa ya tafi ke nan.

Akwai kuma inda kukan ya iso amma ba a saurara ba. Ran 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital mai cinikin hannun jari a Amurka ya fara aiki da sabuwar manhaja wadda aka sa a na'urorinsa 7 cikin 8, aka tsallake guda. Tun kafin kasuwa ta buɗe, na'urar ta aika wa ma'aikata wasiƙu 97 masu nuna akwai matsala. Ba wanda ya tashi tsaye, domin ba a ɗauki irin waɗannan wasiƙu a matsayin gargaɗi ba, ba a kuma saba karanta su ba. Cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar fiye da dala miliyan 460.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu dukiya da ƙwararru, amma shiru ya yaudare su. Ina ga ofishin da uwar garkensa ke bayan kabad, ba wanda ya leƙa ta tun ran da ɗan kwangila ya kafa ta ya karɓi kuɗinsa? Ga abin da mu ke ganin ya wajaba a kan kowace ma'aikata da kowace makaranta mai irin wannan na'ura, ko tata ce ko haya ta ke yi.

Da fari, a rubuta sunayen hadiman nan kaf, kamar yadda a ke rubuta kayan sito: sunan kowane, da aikinsa, da lokacin da ya kamata ya yi shi, da abin da zai lalace in ya tsaya. Wanda bai san yawan awakinsa ba, ba zai san ran da ɗaya ta ɓace ba. Sa'an nan kada a tsaya ga duba ko hadimi yana nan. Umurnin ps ko top a Linux, da Task Manager a Windows, suna nuna wanda ke tsaye ne kawai, kamar rajistar zuwa aiki da ke nuna malami ya sa hannu da safe amma ba ta nuna ko ya shiga aji. Abin da ya ruɗi masu gyara a Ohayo ke nan. Sai a gwada aikin kansa. In mai ba da amsa ne, a aika masa tambaya kowane minti a ga ko ya amsa daidai, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka. In mai buga ƙararrawa ne, a jefa masa laifin gwaji a ji ko zai buga. A riƙa kuma auna cikar faifai da ta ƙwaƙwalwar na'ura, gama faifai ba ya cika rana ɗaya, mai lura ya kan ga ranar tun tana nesa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, a juya ma'anar shiru. Maimakon a ce wa hadimi, "In ka sami matsala ka yi kuka," sai a ce masa, "Duk sa'ad da ka gama aiki lafiya ka yi sallama." A sa wata na'ura dabam, a wani wuri dabam, wadda ba wuta ɗaya ko waya ɗaya su ke sha ba, ta riƙa jiran sallamar nan. In lokaci ya wuce ba ta ji ba, sai ta ta da mutane. Masana na kiran wannan bugun zuciya. Dabara ce irin ta mai gadin da ke buga ƙarfe kowace sa'a cikin dare: ran da ba a ji ƙarfen ƙarfe biyu ba, an san da magana. Da haka mutuwar mai gadi kanta ta zama labari. Da GitLab na jiran sallamar kwafin ajiya kowace safiya, da tun ran farko sun sani.

Na uku, kowane gargaɗi ya zama yana da mai shi, mutum guda mai suna da lambar waya, da mataimakinsa in ba a same shi ba. Wasiƙar da aka aika wa mutum ashirin, kowa ya kan ɗauka wani ya karanta. A kuma rage yawan gargaɗin. Ƙararrawar da ke bugawa sau ɗari a yini saboda abin da bai taka kara ya karya ba, kunne zai saba da ita, ran da ta buga ta gaskiya ba mai waiwaya. Abin da ke bukatar a tashi mutum daga barci a ware shi, sauran a tara su cikin littafin rajista a duba da safe.

Na huɗu, a riƙa gwada kwafin ajiya. Kwafin da ba a taɓa maido da shi an buɗe an gani ba, zato ne kawai. Ko sau ɗaya a wata a ɗauko shi a zuba cikin wata na'ura a ga ko sunaye da lissafi sun fito cif. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma a ƙasarmu, inda wuta kan ɗauke a koma kan janareta, a duba bayan kowace ɗaukewa ko hadiman duka sun tashi, domin sau da yawa na'ura kan tashi ta bar ɗaya ko biyu a kwance. Gaskiya ne manhajar systemd, wadda ta fito a 2010 kuma yawancin na'urorin Linux ke aiki da ita yanzu, tana iya ta da hadimin da ya faɗi da kanta in an umurce ta. Wannan taimako ne, amma a riƙa ƙirga sau nawa ta ta da shi. Hadimin da ke faɗuwa sau goma a yini ana ta da shi a ɓoye, ciwo gare shi, ɓoye ciwo kuwa ba magani ba ne.

Mun san za a ce ina kuɗin? Kayan aikin ba su ne masu tsada ba. Nagios, wadda aka fara a 1999 da wani suna, da Zabbix ta 2001, da Prometheus da aka fara a 2012, duk ana samunsu kyauta, kowace kuwa tana iya yin abin da muka zayyana. Abin da ke da tsada shi ne a ware mutum, a koya masa, a ba shi lokaci, a kuma saurare shi ran da ya ce faifai ya kusa cika a sayi wani. Aikin mai lura irin aikin da ba a gani ne. In ya yi shi da kyau ba abin da zai faru, shugaban da ba shi da hangen nesa kuwa sai ya ce me a ke biyansa? Muna roƙon shugabannin ma'aikatu su auna albashinsa na shekara da hasarar wata guda da albashin malamai bai fita ba, ko ta ran da sakamakon ɗalibai na shekara uku ya ɓace ba kwafi.

Za a kuma ce wannan aikin injiniyoyi ne, ina ruwan akawu da malami? Da ruwansu ƙwarai. Ku tuna a Ohayo labarin gaskiya ya zo ne ta bakin mutane masu buga waya, na'ura kuwa ta yi gum. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Akawun da ya lura takardar da ta saba fitowa kowace Litinin ba ta fito ba, ko malamin da ya ga shafin da ke buɗewa nan take yau yana jan ƙafa, ya riga injiniya ganin alamar ciwo. Kada ya ce halin na'ura ne ya yi shiru. Ya rubuta rana da lokaci da abin da ya gani, ya kai wa mai kula. Shi kuma mai kula kada ya ce allonsa bai nuna kome ba ya sallame shi. In maganar mutum da ta allo suka saɓa, a tashi a duba, gani ya kori ji.

Saboda haka muna kira ga kowane shugaban ofis da kowane hedimasta da takardunsa ke cikin uwar garke, ya kira mai kula da ita cikin makon nan ya yi masa tambaya uku. In wani hadimi ya tsaya yau da tsakar dare, wa zai sani, kuma bayan minti nawa? In manhajar da ke lura da su ita kanta ta mutu, me zai gaya mana? Yaushe ne aka maido da kwafin ajiya na ƙarshe aka buɗe aka gani da ido? Ba a bukatar ilmin kwamfuta kafin a yi tambayoyin nan, ba a kuma bukatarsa kafin a gane amsar da ba ta da tushe. In amsar ita ce, "Ai ba mu taɓa samun matsala ba," to, a tuna ma'aikatan Ohayo ma abin da su ke gani ke nan da ƙarfe 3 na ranar 14 ga Agusta. A sa rana, a kashe hadimi guda da gangan a gaban kowa, a zauna da agogo a hannu a ga ko wayar wani za ta yi ƙara.